Birnin Kudu da Gwaram: Ƙasar da ke Tsakanin Dutse da Kogi



Uwargida, a ce yau ɗanki ya ɗago kai ya tambaye ki, "Umma, wai me ake da shi a garin su Kaka?" wace amsa za ki ba shi? Da yawa cikin 'yan'uwa mata da tushensu yake kudancin Jigawa, waɗanda aure ko aiki ya kai su Kano, Kaduna ko Abuja, amsarsu ba ta wuce, "Ai ƙauye ne, daga gonaki sai duwatsu." Wasu kuma iyakar saninsu da Birnin Kudu shi ne wurin da direba yake tsayawa a yi salla a sayi ɗan abin taɓawa a kan hanyar Bauchi.

To, waɗannan duwatsun da muke wucewa ko waiwaye ba ma yi, su da kogunan da ke kwance a gindinsu, su ne suka tsara kusan komai na rayuwar yankin: inda aka kafa gari, abin da ake nomawa, yaƙin da aka gwabza, har da tsawon lokacin da mai naƙuda za ta ɗauka kafin ta isa asibiti a watan Agusta. Zo mu zaga ƙasar tare, ko ke 'yar can ce, ko surukar can, ko kuwa mai wucewa ce kawai.

Jigawar da ba ta yashi ba

Sunan jihar daga jigawa ya samo asali, wato tudun yashi. In kika nufi arewa wajen Gumel da Maigatari za ki ga dalilin sunan da idonki: ƙasa a shimfiɗe, rairayi ko'ina. Kudu kuwa daban take. Ki taso daga Kano ki bi ta Wudil, ki wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, sai ki fara ganin manyan duwatsu sun taso, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. Tafiyar kamar awa biyu ce ki shiga Birnin Kudu. Gaba kaɗan akwai Babaldu, inda hanya ta yi rassa: ɗaya ta nufi Ningi da Bauchi, ɗaya ta miƙa Gwaram da Basirka.

Masana ilimin ƙasa sun bayyana cewa ƙarƙashin wannan yanki tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya miƙe har Ningi da Bauchi da tsaunukan Jos, alhali arewa maso gabashin jihar yashi ne da laka na kwarin Tafkin Chadi. Ruwan sama ma ya fi sauka a nan. A kudancin jihar yakan kusanci milimita 1,000 a shekara, a can arewa kuwa wajen 600 ne. Shi ya sa itatuwa suka fi yawa, kuma bayan gero da dawa ake samun masara, gyaɗa, riɗi, wake da shinkafa a fadamu.

Amma dutsen nan yana da nasa hali. A ƙasa irin wannan, ruwa yana maƙalewa ne a cikin tsagogin dutse. Sai a haƙa rijiyar burtsatse a wannan unguwa a yi dace, a matsa gaba kaɗan a haƙa a tarar da ƙeƙasasshen dutse. Idan kika ji an ce 'yan matan wani ƙauye suna makara zuwa makaranta da rani saboda ɗibar ruwa, sau da yawa tushen maganar yana can ƙarƙashin ƙafafunsu.

Ita Gwaram ita ce ƙurewar Jigawa ta kudu maso gabas. Ta kutsa cikin Jihar Bauchi sosai, har ya zama yawancin iyakarta da Bauchi take. A cikinta akwai Gwaram Tsohuwa da Gwaram Sabuwa, Sara, Kila, Fagam, Basirka, Farin Dutse, Maruta da Dingaya. A ƙasar Birnin Kudu kuma akwai Sundimina, Wurno, Kantoga, Kangire, Kiyako, Iggi, Bamaina, Yalwan Damai da Unguwar 'Ya. Kuma kada kalmar "ƙauye" ta ruɗe ki. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Birnin Kudu tana da mutum sama da 300,000, ta fi kowace yawan jama'a a cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar, har da Dutse babban birni. Gwaram tana da sama da 270,000. Yau kuwa an haura haka nesa ba kusa ba.

Shanun da ke jikin dutse

Mafi tsufan labarin wannan ƙasa a jikin dutse aka bar mana shi. A kewayen garin Birnin Kudu akwai koguna na dutse da rumfunan duwatsu, irin su Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu, waɗanda mutanen da suka zana hotunan dabbobi a bangonsu, galibi da jan launi. Mutanen gari sun daɗe da sanin su, amma a shekarun 1950 ne labarinsu ya fita duniya, lokacin da Bernard Fagg, Baturen nan da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarinsu ya rubuta. Yanzu suna cikin wuraren tarihi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa take kula da su.

Mafi yawan zanen shanu ne. Sai dai ki lura da abu guda: da yawansu ba su da tozo. Wasu dogaye ne masu dogon ƙaho, wasu gajeru masu kauri da ɗan guntun ƙaho, irin waɗanda ake kira muturu. Yanzu ki dubi shanun da ke kiwo a gindin dutsen, bunaji ne farare da sauran masu tozo. Masana sun nuna cewa shanu marasa tozo sun riga masu tozo zuwa Afirka ta Yamma, don haka wanda ya yi zanen nan ya rayu ne a zamanin da garken ƙasar ya sha bamban da na yau. Wannan magana ce ta ɗaruruwan shekaru.

Kusa da zanen akwai wani abin mamakin: duwatsu masu amo. In aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar kuge, kowane gefe da irin muryarsa. A jikinsu akwai 'yan ramuka sumul-sumul, shaidar hannuwan da suka daɗe suna bugu.

Ga kuma inda labarin ya shafe mu mata kai tsaye. Masu binciken sun rubuta cewa a al'adar garin a wancan lokaci, amarya takan tafi Dutsen Murufu da sassafe ranar bikinta, ta wuni a can, sai da yamma ta dawo a ci gaba da hidima. Ashe ke nan wurin da yanzu baƙi ke zuwa daga nesa da kyamara, wurin kakanninmu mata ne, wurin da yarinya take yin wuninta na ƙarshe kafin ta zama matar gida. Idan kina da tsohuwa 'yar asalin Birnin Kudu a raye, tambaye ta abin da ta ji daga bakin tata kakar.

Zama a bakin iyaka

Kalmar "birni" a Hausar da tana nufin gari mai ganuwa, kuma ba a banza ake gina ganuwa ba. Birnin Kudu tsohon gari ne mai sarautarsa, Sarkin Kudu, a ƙarƙashin Kano. Shi da Gwaram suna bakin iyakar masarautar ta kudu maso gabas, suna fuskantar duwatsun Ningi.

Wajen 1846, wasu malamai ƙarƙashin jagorancin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a kan rikicin haraji, suka shige duwatsun Ningi. A can suka haɗa kai da mutanen wurin, irin su Butawa, Warjawa da Fa'awa, suka kafa ƙarfin da ya hana Kano da Bauchi barci sama da shekara hamsin. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Kano ta kai yaƙi, Ningi ta kawo hari, kowane ɓangare yana kama mutane yana kora dabbobi, su kuwa garuruwan bakin iyaka su ne a tsakiya. Abin bai lafa ba sai farkon ƙarni na 20, da Turawa suka ci ƙasar. Kano ta faɗa hannunsu a 1903.

Ki kwatanta a ranki yadda uwa take rayuwa a irin wannan zamani. Gona tana bayan ganuwa, itace yana daji, ruwa yana rafi, kuma duk fitar da yaro zai yi sai zuciya ta tsinke har ya dawo. Wannan ne ya sa tsofaffin garuruwan yankin suka kasance a dunƙule, gida jikin gida, wasu a jingine da dutse. Da zaman lafiya ya samu ne mutane suka bazu, aka kafa ƙananan ƙauyuka da unguwanni kusa da gonaki. Bazuwar nan alheri ce, amma ita ce kuma ta nisanta dubban gidaje daga babban titi, makaranta da asibiti. Za mu dawo kan wannan.

Daga Kano zuwa Jigawa

A zamanin Turawa da bayansa, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a Lardin Kano, daga 1967 kuma a Jihar Kano. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, yankin ya koma cikinta. A sarautance yanzu suna ƙarƙashin Masarautar Dutse, tare da Buji, Kiyawa, Jahun, Miga da ita kanta Dutse.

Yankin ya taka rawa a sabuwar jihar tun daga farko. Gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, wanda ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, ɗan nan ne. Sule Lamido, ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003 kuma gwamna daga 2007 zuwa 2015, ɗan Bamaina ne. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu kuwa ta yaye manyan mutane da dama, ciki har da Aliko Ɗangote da Abdullahi Umar Ganduje. Ki faɗa wa yaronki wannan in ya fara raina makarantar da ba ta cikin birni.

A ɓangarenmu na lafiya, garin yana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda aka fi sani da FMC, da kuma kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jiha. Da yawa cikin 'yan'uwana ma'aikatan jinya da ke karɓar haihuwa a asibitocin Jigawa a Birnin Kudu suka koyi aikin.

Su wane ne mutanen?

Hausawa da Fulani su ne mafi rinjaye. Akwai Fulanin gida da suka daɗe da zama gari, akwai kuma na ruga da ke tare da shanunsu. Akwai Warjawa a wasu ƙauyukan ƙasar Birnin Kudu, 'yan'uwan na Warji ta Jihar Bauchi, masu harshensu na kansu. Auratayya da zaman tare sun cakuɗa jama'a ƙwarai, ta yadda gida ɗaya za ki tarar kaka Bafulatana ce, kakan wajen uwa Bawarje ne, jikoki kuwa Hausa kaɗai suke ji. Jikokin waɗanda suka yi wa juna hari jiya su ne surukan juna yau. Idan a gidanku akwai tsohuwa mai jin Fulatanci ko Warjanci, ki bar yara su zauna kusa da ita. Harshe a bakin uwa da kaka yake rayuwa, a nan kuma yake mutuwa.

Iyakar jiha ba ta raba zumunci ba. Mutumin Basirka ko Fagam yana iya zama ya fi kusa da dangi da kasuwa a ɓangaren Bauchi fiye da Dutse. Kasuwar Sara, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin mako-mako na Jigawa, takan tara masu hatsi da masu dabbobi daga jihohin biyu da ma nesa. Hannun mata yana cikin wannan ciniki dumu-dumu ko da ba su taka kasuwar ba: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, nono da man shanu, da akuya ko tunkiyar da uwargida ta kiwata a bayan ɗaki don kayan ɗakin 'yarta.

Zaman manomi da makiyayi ba ya rasa saɓani, musamman da kaka, in gona ta ci burtali ko shanu suka shiga amfanin da ba a kwashe ba. Amma duk wanda ya tsaya gaban Dutsen Habude ya ga shanun nan a zane, ya san kiwo ya daɗe a ƙasar nan kamar yadda noma ya daɗe. Fura ba ta yiwuwa sai an haɗa geron wannan da nonon wancan.

Kogi mai bayarwa, mai karɓa

Bayan dutse, sai ruwa. Kogin Iggi yana ƙasar Birnin Kudu. Babban kogin yankin kuwa shi ne Bunga, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya bi ta ƙasar Ningi, ya ratsa Gwaram, ya gangara inda ake kiransa Kogin Jama'are, daga bisani ya haɗu da Kogin Haɗeja su nufi Tafkin Chadi. Shi ne yake ba da fadamar noman rani, da kifi, da wurin shayar da dabbobi.

Ki riƙe wannan da kyau: tunda daga nesa kogin ya taso, yana iya cika ya tumbatsa alhali ko ɗigo ba a yi a garinku ba. Ruwan da aka tafka a Filato ko Bauchi shi ne zai iso muku daga baya. Haka nan ƙasa mai dutse ba ta shanye ruwa da sauri, sai ya kwararo da ƙarfi ya cika rafukan da suke a bushe tun rani, ya ci gindin kwalbati da gada. A watan Agustan 2021, ruwa ya karya hanya a Radabi, tsakanin Gwaram da Basirka, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da wannan yake nufi ga uwa

A nan ne aikina na jinya ya haɗu da wannan labari. Mu da muke karɓar mata a ɗakin haihuwa mun san cewa tambayar "daga wane gari kuke?" tana da nauyi kamar awon jini. Matar da ta zo daga bakin titi da wadda sai an tsallaka rafi biyu da ita a kan babur, ba ɗaya suke isowa ba. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba, shi kuwa rafi in ya cika ba ya sauraron kowa.

Don haka, ke mai juna biyu, ko ke da kike da 'ya, ƙanwa ko suruka a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, ba a fafe gora ranar tafiya:

Ki lissafa watan haihuwa tun wuri. In ya faɗo tsakanin Yuli da Satumba kuma akwai rafi tsakaninku da asibiti, ku zauna da maigida ku yi shawarar komawa wurin dangi a Birnin Kudu, Gwaram, Sara ko wani gari mai asibiti tun kafin wata ya tsaya.

Ku san mai motar da za a kira ko da tsakar dare ne, a ajiye lambarsa a waya fiye da ɗaya, a kuma ware kuɗin mai. Ku san hanya ta biyu in ta farko ta yanke.

A je awo da wuri, kada a bari sai ciki ya tsufa. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, daina motsin jariri, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk ba a jiran gari ya waye a kansu. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari.

Yara kuma, a hana su wasa a rafi da damina ko da sun ga sama garau. Yaron da yake wanka a kududdufi ko gefen kogi, in kika ga jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ce, ba alamar girma ba ce, kuma tana da magani a asibiti. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina suka zo, na yara daga wata 3 zuwa shekara 5, a karɓa a kuma cika kwanakin shan. Ƙasa mai duwatsu da ciyawa ba ta rasa maciji: in ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, kada a tsotsa, a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti.

Gani ya kori ji

Hutu mai zuwa, in Allah Ya kai mu, in za ku je gida ko za ku wuce ta Birnin Kudu, ki roƙi maigida a ware awa biyu. Ku nemi ma'aikatan hukumar tarihi da ke garin su raka ku, yara su ga shanun nan da idonsu, su ji amon dutse da kunnensu. Ki ja musu kunne kada su taɓa zanen, kada su zuba masa ruwa don ya fito a hoto, kada su rubuta sunansu a kai. Abin da ya jure rana da damina na ɗaruruwan shekaru, yaro ɗaya da ƙusa ko gawayi yana iya ɓata shi kafin ki juyo.

In kun isa gida, wayar nan da kike karanta wannan rubutu da ita tana naɗar murya. Ki zaunar da Kaka ko Inna bayan sallar isha'i, ki tambaye ta: wa ya kafa garin nan? Daga ina aka taso? Ina ganuwa ta bi? Wace shekara ruwa ya fi yin ɓarna, kuma har ina ya kai? Amsar tambayar ƙarshen nan tana iya gaya muku inda bai kamata a gina ɗaki ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

'Yan'uwa na Birnin Kudu, Gwaram da Buji, ku ba mu naku a ƙasa: mene ne sunan garinku, me tsofaffi suka ce game da asalinsa, kuma wace hanya ce take yanke muku da damina? Wata 'yar'uwar za ta ƙaru.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka.